Fanka da Esi: Yadda Kuɗin Mita Zai Kai Ki Ƙarshen Wata

Wata Asabar cikin watan Maris na iske ƙanwata a shagonta na atamfa a Makola, ta jingina da dila, gumi na bin wuyanta, tana tura wa mitar gida kuɗi ta MoMo. Karo na uku ke nan, in ji ta, alhali wata bai kai ashirin ba. Tun da maigidanta ya kafa musu esi a uwar ɗaki can Maamobi barci ya yi daɗi, amma mita ta koma tulu mai yoyo. Muna cikin magana sai ga wata kayayo, mai dakon kaya, ta ratso layin da kwalin fankar silin a cikin kwanonta. Ƙanwata ta bi ta da ido, ta ce, "Yaya, an ce in na haɗa esi da wannan, kuɗin wuta zai ragu. Gaskiya ne, ko wani abin shan wutar zan ƙaro wa kaina?"

Na ce mata gaskiya ne, amma da sharaɗi. Ke ma, ko a Nima kike, ko New Town, ko Sabon Zongo, sharaɗin ɗaya ne: fanka ba za ta rage miki ko kwabo ba sai kin taɓa rimot ɗin esi. In kika rataya fanka kika bar esi yana aiki yadda ya saba, kuɗin ƙaruwa ma zai yi.

Ga dalili. Fanka ba ta sanyaya ɗaki. Rufe ƙofa, kunna ta, ajiye ma'aunin zafi a kan gado, ki dawo bayan awa biyu. Lambar tana nan inda kika bar ta, motar fankar ma ɗan ɗumi take ƙarawa. Jikinki take sanyayawa. Ki tuna lokacin da kika idar da alwala iska ta kaɗo, fuska da hannuwa suka ɗauki sanyi nan take alhali rana tana nan daram. Iska ce ta kwashe ruwan da ke kan fata, ta tafi da zafi. Aikin da fanka ke yi wa gumi ke nan. Saboda haka ɗakin da ke digiri 27, in fanka na kaɗawa, jikinki zai ji shi kamar 23 ko 24.

Shi kuwa esi, zafin ɗakin yake kwashewa ya fitar waje, kuma aiki ne mai cin wuta. Fankar silin da muka saba da ita tana jan wat 70 zuwa 80 in an ƙure ta. Esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yana jan wajen wat 1,200 duk lokacin da kwamfiresonsa ke gudu. Wato wutar da esi zai sha a awa ɗaya za ta riƙe fanka awa 16. Fanka awa 8 kowane dare, yunit 18 ne a wata. Esi awa 8 kowane dare ba hutawa, ya doshi yunit 290. Duk dabarar da zan gaya miki a nan abu ɗaya take nema: kwamfireson nan ya riƙa samun hutu, fanka ta riƙe ki kafin ya sake tashi.

Kuma lokacin yin wannan lissafi ya yi. Hukumar PURC da ke yanka farashin wuta ta ƙara kashi 27.15 cikin ɗari a Satumban 2022, ta sake ƙara kashi 29.96 a Fabrairun 2023, kuma tun daga nan ana ta sake duba farashin lokaci zuwa lokaci. Farashin yunit ba a hannunki yake ba. Yawan yunit ɗin da kike sha, wannan naki ne.

1. Yau da dare, fara da mita

Kafin ki sayi komai, ki san abin da kike sha. Ki nemi ɗan littafi irin na rubuta bashi. Da za ki kunna esi, je ki duba mita ki rubuta abin da ta nuna. Wasu mitoci sidi suke nunawa, wasu yunit, kowanne ya yi. Da asuba, kafin a kunna dutsen guga ko abin dafa ruwa, ki sake dubawa ki rubuta. Abin da ya ragu tsakanin lambobin biyu shi ne kuɗin barcinki na dare ɗaya.

Yi haka dare uku ba tare da kin canza komai ba. Kada ki sa daren da kika loda kuɗi a cikin gwajin, domin a lokacin lodi ake yawan cire kuɗin hidima da haraji, sai lissafin ya rikice miki.

Kina wajen mitar, ki kalli ɗan jan fitilar da ke ƙyaftawa. Sa yaro ya kunna fanka kawai, ki ga yadda take ƙyaftawa a hankali, kamar mai gyangyaɗi. Sannan ya kunna esi, ki jira minti uku kwamfireso ya tashi. Za ki ga ta kama ƙyafta ido ba ƙaƙƙautawa. Ki kira maigida ya gani da idonsa. Wannan jan fitilar ta fi ki iya shawo kansa.

2. Dare na huɗu, ɗaga lambar rimot

Nan kuɗin yake. Yawancin gidajen da na shiga, rimot yana kan 16 ko 18, wai don ɗaki ya yi saurin sanyi. Lambar nan ba totur ba ce. Esi na gama-gari gudu ɗaya yake da shi, ko kin sa 16 ko kin sa 26 iskar da zai huro ɗaya ce. Abin da lambar ke gaya masa kawai shi ne inda zai tsaya. A ɗakin Nima mai rufin kwano, a watan Maris, da wuya ya taɓa kai 16, don haka ba zai tsaya ba har gari ya waye. Ke kuma can tsakar dare sai ki jawo bargo. In kina rufa da bargo a Accra cikin watan Maris, kin sayi sanyin da ya fi ƙarfinki, kin kuma koma kina ɓuya daga gare shi.

Sa shi a 26, ki kunna fanka a lamba 2 ko 3. Shi ke nan.

Shawarar ba tawa ce ni kaɗai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a bayaninta kan zafi da lafiya, ta ce a sa esi a digiri 27 a kunna fanka, jiki zai ji kamar an rage digiri 4, kuma kuɗin sanyaya ɗaki zai iya raguwa har zuwa kashi 70 cikin ɗari. Wannan ƙololuwa ce, kada ki sa ran samun ta duka. Hukumar tsimin makamashi ta Indiya ta ƙiyasta cewa kowane digiri ɗaya da aka ɗaga yana rage wajen kashi 6 cikin ɗari na wutar esi, shi ya sa tun Janairun 2020 sababbin esi a can suke zuwa a saite kan 24. A Singafo kuma, garin bakin teku mai gumi irin namu, an gwada a wani ofis: aka ɗaga daga 24 zuwa 26.5 aka haɗa da fankokin silin, wutar sanyaya ofishin ta ragu da kashi 32 cikin ɗari.

Mu kawo shi gida. A ce esi ɗinki yana shan yunit 250 a wata a kan digiri 20. Kin ɗaga shi zuwa 26, digiri 6 ke nan. A ƙiyasin Indiya kin rage kusan kashi ɗaya cikin uku, wajen yunit 80. Cire yunit 18 na fanka. Saura yunit 60 da 'yan kai a aljihunki, kowane wata. Naki lissafin zai iya fin haka ko ya gaza, gwargwadon ɗakinki. Littafin da kika fara tun daren farko shi zai gaya miki.

In maigida ya saba da 18, kada ki tsallaka da shi zuwa 26 dare ɗaya, faɗa za a yi. Ɗaga digiri ɗaya duk bayan dare biyu, fanka na juyawa. Cikin mako biyu da 'yan kwanaki kun isa, jiki ya saba. Kai kuma maigida, in kai ne mai riƙe rimot, gwajin mako ɗaya nake roƙo, mita ta raba gardama.

Da damina, in ɗaki ya yi danshi kina jin jiki na manne da zanen gado ko da ba a zafi sosai, danna maɓallin da ke canza yanayi har alamar ɗigon ruwa ta fito. A nan esi laimar ɗaki yake tsotsewa, fanka kuma ta fi aiki in iska ta bushe.

3. Kada esi ya kwana tare da ke

Zafin da ke hana barci a farkon dare, na bango da rufi ne, wanda suka sha tun rana suke amayarwa. In kin dawo daga kasuwa, fara buɗe taga da ƙofa, ki ƙure fanka minti goma sha biyar, iskar teku ta yamma ta kori wadda ta wuni a kulle. Sannan ki rufe ko'ina ki kunna esi.

A rimot akwai alamar agogo. Saita shi ya kashe kansa bayan awa biyu ko uku. Kafin nan bango ya huce, ke kin yi nisa a barci, fanka ta karɓi aiki. Ko a watannin da suka fi zafi, iskar waje a Accra takan sauko wajen digiri 25 ko 26 kafin asuba. Awa uku maimakon takwas, kin yanke fiye da rabi tun ba ki taɓa lambar digiri ba.

Azumin 'yan shekarun nan a cikin zafi yake faɗowa, kuma barcin rana bayan azahar ya zama dole ga mai hali. Awa ɗaya ta esi da fanka ta isa. Ki tara yara da tsofaffi a ɗaki ɗaya maimakon a kunna biyu.

4. Kin fita, kashe fanka

Fanka a ɗakin da ba kowa asara ce tsagwaronta, tunda babu fatar da za ta sanyaya. A 1996 wata cibiyar binciken makamashin rana a Florida ta Amurka ta bincika gidaje masu fankar silin, ta tarar ba su rage komai ba. Dalilai biyu ne: masu gidajen ba su ɗaga lambar esi ba, kuma suna barin fankoki na juyawa ba kowa a ɗakin.

Fanka ɗaya dare da rana yunit 54 ce a wata. Uku, yunit 162. Duk ribar da kika samu a uwar ɗaki ta zube a falo. Ba wa ƙaramin gidan wannan aiki, shi ne sarkin kashe fanka. Yara suna son muƙami, kuma ba sa mantuwa.

5. Duba fankar da kike da ita kafin ki sayi sabuwa

Gobe da safe, kashe wuta daga makunni, hau kan benci mai ƙarfi, ki shafa yatsa a bakin fiffiken. Baƙar ƙurar nan mai maiƙo, ta hayaƙin gawayi da na mota, tana rage iska. Tsumma da ruwan sabulu kaɗan, fiffike ɗaya bayan ɗaya, kina tallafe shi da ɗaya hannun don kada ya lanƙwashe. Fiffike in ya lanƙwashe fanka sai ta kama rawa.

In fankar tana juyawa a kasalance ko kin ƙure ta, ko sai an tura ta da sanda take tashi, yawanci kafasita ce ta gaji. Wani ɗan ƙaramin abu ne da ke cikin kofin sama, mai gyara zai canza shi cikin minti goma, kuɗinsa bai kai na fanka kusa ba. A Zongo Lane za ki samu. Ki tafi da tsohuwar a sayo mai lamba iri ɗaya.

Bayan gyara, tsaya a ƙarƙashinta. Dole ki ji iska na sauko miki a ka. In tana gudu amma ba ki jin komai, an juya wayoyin tana tura iska sama, a kira shi ya dawo ya gyara.

Taɓa regiletar bango kuma. In tsohon babban akwatin nan ne mai huji-huji da ke ɗumi in fanka na kan lamba 1 ko 2, wutar da kika rage wa fanka a cikinsa take ƙonewa. Canza shi da ƙaramar regileta ta zamani, wadda in kin rage gudu wuta ma take raguwa.

6. In sayen za ki yi

Daga Makola zuwa Opera Square tafiyar ƙafa ce, kuma can ne matattarar kayan wuta. Je da safe, kafin cunkoso, da awon ɗakinki a rubuce.

Ɗakin kwana madaidaici, inci 48 ya wadatar. Falo, inci 56. Ƙaramar fanka a babban ɗaki ƙurewa za ki yi ta yi kullum, ga ƙara ga rashin iska.

Juya kwalin ki nemi inda aka rubuta wat. In babu, ajiye shi. In mai shago ya ce "mai ƙarfi ce, Hajiya," ki ce masa lamba kike nema.

Tambayi irin da ake rubuta wa BLDC a kwali. Motarta daban ce, wat 28 zuwa 35 take ja a ƙure, ƙasa da rabin ta gama-gari, kuma yawanci da rimot take zuwa. Ta fi tsada a saye. Ga yadda za ki gane ko ta cancanta: in fanka na aiki awa 12 a rana, bambancin ya kai yunit 16 a wata, kusan 200 a shekara. Ninka da kuɗin yunit na yau, ki kwatanta da ƙarin da aka ɗora miki. Ɗakin da ake kwana kullum da falon da ake wuni, ina ganin ta cancanta. Ɗakin baƙi, sayi ta gama-gari.

Akwai wata riba ga wadda ta sha dumsor, wato yawan ɗauke wuta na 2015, ba ta manta ba: ƙaramar inbata ko batirin sola zai riƙe irin wannan fanka fiye da ninki biyu na lokacin da zai riƙe tsohuwar.

Iskar Accra da gishiri take tafe. Fiffiken ƙarfe mai arha yana tsatsa, na alminiyam ko na roba mai kauri ya fi daɗewa. Sa a gwada miki motar a shago ki saurara, kada ki ji gurnani ko ƙarar gogayya. Karɓi rasit da takardar garanti, ki ɗauke su hoto a waya.

Esi kuwa, in har yanzu ba ki saya ba, nemi takardar nan rawaya mai baƙaƙen taurari ta Hukumar Makamashi ta Ghana a jikinsa. Yawan taurari, ƙarancin shan wuta. Mai inbata ya fi dacewa da wannan tsari na 26 da fanka, domin in ɗaki ya yi sanyi rage gudu yake yi ya ci gaba a hankali. Tsohon esi na gwanjo da ake kawowa daga Turai, ki bar shi ko an karya miki farashi. Tun 2008 doka ta hana shigo da su, kuma abin da kika rage a saye mita za ta karɓe shi da riba.

7. Ratayawa aikin mai sana'a ne

Nemi mai wayarin da ke da katin shaida na Hukumar Makamashi, ki ce ya nuna miki. Ƙugiyar fanka a jikin katakon rufi ko ƙarfen rufin kankare ake ɗaure ta, ba a jikin falankin silin ba. Ki tsaya a kansa har ki ga ya sa fil ɗin da ke hana noti kwancewa.

Daga ƙasa zuwa fiffike kada ya gaza ƙafa 7, in an samu 8 ko 9 ya fi. Tsakaninta da silin a bar wajen ƙafa ɗaya don ta samu iskar ja. Kada a sa ta ƙarƙashin ƙwan fitila, inuwar fiffike za ta riƙa yanka hasken tana sa ciwon kai.

Ɗakunanmu da yawa a Zongo gajeru ne. In naki haka yake, ko akwai gado mai hawa biyu na yara, haƙura da ta silin ki sa ta bango mai waiwaye. Aikin ɗaya ne, iska ta taɓa jiki.

Fiffiken bakin esi kuma, miƙe shi ya huro iska sama-sama ta bi silin, fanka ta sauko miki da ita ta raba ɗaki duka.

8. Toshe inda sanyin ke zurarewa

Tagar luba ita ce babbar ɓarauniya. Ko an rufe ta, tsakanin gilasan akwai hanya, balle in ɗaya ya fashe an cusa kwali. Mayar da gilasan da suka ɓace, ki sa labule mai kauri da ya rufe tagar har ya wuce gefe. Ke da kike sayar da yadi, wannan bai fi ƙarfinki ba. Ƙarƙashin ƙofa, naɗe tsohon tawul ki tura.

Tagar da ke kallon yamma, a sauke labulenta tun azahar.

In ɗakin ba silin, kwano ne tsirara a kanki, dakata da maganar esi. Kwanon da ya sha ranar Accra murhu ne, kuma fanka za ta riƙa sauko miki da zafinsa. Silin na falanki ko na roba ya fi kowace na'ura amfani a irin wannan ɗaki. Tunda a nan kuɗin hayar shekara ɗaya ko biyu ake karɓa gaba ɗaya, lokacin sabunta haya ne lokacin magana: ki yi silin, a cire a cikin kuɗin, a rubuta a takarda da shaidu.

9. Wanke rariyar esi

Ɗaga murfin gaba, za ki ga raga biyu. Zare su, wanke a famfo, shanya a inuwa, mayar. Duk mako biyu. Aikin minti biyar ne, ba sai an kira kowa ba. Rariya in ta toshe, esi gudu yake yi ba sanyi.

Injin waje yana bukatar numfashi. A lungunanmu ana matse shi tsakanin bango biyu, a jingina masa buhun gawayi, a shanya masa kaya a kai. Kwashe su. In rana na dukansa kai tsaye, a yi masa 'yar rumfa daga sama, a bar gaba da gefe a buɗe.

In an ɗauke wuta, kashe esi daga bango. In ta dawo, ba shi minti biyar kafin ki kunna.

10. Gidan haya mai mita ɗaya

Wannan ya shafi rabin Nima, kuma a nan zumunci ke lalacewa. Farashin wutar gida hawa-hawa ne. Wanda bai wuce yunit 30 a wata ba yana kan rangwamen masu ƙaramin ƙarfi. In mita ta haura yunit 300, kuɗin yunit ya ƙaru. Mita ba ta san ɗaki nawa ke bayanta ba. In ɗaki takwas ne a kanta, esi ɗinki shi kaɗai zai iya tura gidan duka hawa na sama, tsohuwar da ke da ƙwan fitila ɗaya da rediyo ta biya tsadar sanyin da ba ta ji ba.

Rabon da ake yi na ƙirga kaya, fitila maki ɗaya, fanka maki ɗaya, firji maki kaza, ba ya yi wa esi adalci. Kin ga lissafi ɗazu, esi ɗaya fanka 16 ne. In kin ba shi maki uku ko huɗu, haƙƙin maƙwabta kike ci ba ki sani ba.

Mafita biyu ce. Ta dindindin, ki je ofishin kamfanin wuta na ECG da ke yankinku tare da amincewar mai gida ki nemi mitarki ta daban. Kafin ta fito, sa mai wayarin ya ɗaura ƙaramar mita a layin ɗakinki, a riƙa karanta ta gaban kowa ƙarshen wata, ki biya abin da kika sha. Da zarar kin fara biyan naki ke kaɗai, za ki ga 26 ta yi miki daɗi.

11. Gidan sauro, jarirai da tsofaffi

Gidan sauro yana tare iskar fankar silin, gaskiya ne. Kada wannan ya sa ki cire shi. Kwana biyu a asibitin Maamobi da yaro mai zazzaɓin cizon sauro ya cinye abin da kika tara a wata shida. Ajiye fankar tsaye a gefen gado ta huro ta jikin ragar, ko ki ƙara wa ta sama lamba ɗaya.

Jariri, kada iska ta dake shi kai tsaye, a bar ta tana zagaya ɗaki. Tsofaffi ba sa gumi kamar matasa, don haka fanka ba ta yi musu aiki yadda take yi miki. Ranar da zafi ya tsananta, a jiƙa wa Hajiya tawul a shafa mata hannu da wuya, a ajiye mata ruwan sha kusa, in akwai esi a fara da ɗakinta.

Fanka tana da iyaka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in zafin wuri ya haura digiri 40, iskar fanka ƙara wa jiki zafi take yi. Accra ba ta cika kaiwa nan ba, amma kiyos na ƙarfe da tsakar rana zai iya. 'Yan uwanmu na Sakkwato da Maraɗi kuwa, a watan Afrilu wannan ne halinsu kullum, sai sun haɗa da jiƙa jiki. In za ki tura musu wannan shawara, ki haɗa da wannan gargaɗin.

12. Shago

Wutar shago a wani layin farashi take, ba na gida ba. Esi a shagon da ƙofarsa ke wangale, titi kike sanyayawa. Ko ki sa ƙofar gilas ki bi tsarin 26 da fanka, ko ki haƙura da esi ki sa fankar bango biyu, ɗaya a kanki, ɗaya inda mai saye ke tsayawa yana zaɓen zane. Mai sayen da iska ke kaɗawa ba ya gaggawar tafiya.

In za ki tashi, kashe komai daga babban makunni, ki taɓa soket ki ji ko ya yi ɗumi. Soket mai ɗumi ko mai baƙin tabo, a canza shi gobe. Duk wadda ta ga abin da gobara ta yi wa Kantamanto a Janairun 2025 ba za ta bar fanka na juyawa a cikin dilolin atamfa ta tafi gida ba.

13. Bi kalandar gari

Fabrairu zuwa Afrilu, esi da fanka tare, yadda muka tsara. Da ruwa ya sauka a Mayu da Yuni, rage awannin esi, wani daren ma ba sai an kunna ba. Yuli da Agusta garin lumshi ne, iskar teku da sanyinta, kashe esi daga bango ki bar fanka ita kaɗai a lamba 1. A waɗannan watanni biyu, kuɗin da kika saba lodawa ki riƙa jefa rabinsa a adashi, shi zai saya miki fankar BLDC ko ya biya silin.

Hunturu na Disamba da Janairu ƙura yake kawowa, ta cika rariya da injin waje. Ƙarshen Janairu ki kira mai sabis ya wanke esi ciki da waje, ya duba ko gas na yoyo. A lokacin yana da sarari kuma zai saurare ki a kan farashi. In kika bari sai Maris, layi za ki bi.